Kififiyata da Na'ana'ar Tanti Hadiza

Nana, ke ce kika sa na zauna rubuta wannan babin. Ranar sunan ƙaninki a Bobigny, ana ta zuba shayi, kowa na yabon na'ana'ar da Tanti Hadiza ta kawo tun daga Rillieux, ni kuma na ga kina tari na miƙo miki kofin ruwa. Sai kika mai da hannuwanki baya, kika dubi mamanki. Da na matsa, kika ce an ce kada a sha ruwa daga hannun Tonton Laminu, wato ni. Falon ya ɗauki dariya, ni ma na taya su, amma a jirgin komawa Lyon ko burodin da ke jakata ban iya ci ba. To ga labarin daga bakin mai shi. Ke da ƙannenki ku karanta in kun girma, ku yanke hukunci da kanku.

Sai na fara gaya muku wace ce Taswira, don in ba ku san ta ba, ba abin da za ku gane. Kififiya ce, wato kunkurun ruwa, amma ba irin ta tafkunanmu ba. Asalin danginta manyan kogunan Amurka ne. A bayanta akwai siraran layuka masu ruwan ɗorawa, suna lanƙwasa suna haɗuwa suna rabuwa, sak taswirar koguna da ake rataya wa a bangon lakwal, wato makaranta, daga nan ma na samo mata suna. Ta tsakiyar bayan akwai 'yan tsinaye a jere kamar haƙoran zarto. Kuma a duk kunkurayen da mutane ke ajewa a gida, ban san wadda ta kai irinta tsoro ba. Inuwar hannu kawai ta isa ta sa ta faɗa ruwa. Ku riƙe wannan, zai dawo.

A Paris na same ta, shekarata ta farko a ƙasar nan. Ina kwana a Bobigny tare da wasu ɗalibai 'yan Damagaram, da rana ina wanke kwanoni a wani ƙaramin gidan abinci kusa da Barbès. Wata rana wasu mutane suka tashi daga benen da ke sama da mu, suka jibge tarkacensu a bakin titi. Cikin tarkacen akwai wata 'yar roba mai bishiyar dabino ta roba a tsakiya, da ruwa kore mai wari, da wani abu da bai kai tafin hannun jariri ba yana motsi. Na taɓa bayanta na ji ya yi laushi kamar kwali ya jiƙa. Ban san komai game da ita ba, amma na sa ta cikin aljihun rigar aikina. Daga ranar duk abin da ya rage mini na lokaci a siber, shagon intanet, yake ƙarewa, ina bin dandalin masu kiwon kunkuru, ina tambaya da gurguwar faransancina, wasu tsofaffin Turawa na yi mini faɗa kamar ni na jefar da ita. A wurinsu na koyi cewa fitila biyu take buƙata, ɗaya ta ɗumi, ɗaya mai irin hasken rana da ke ƙarfafa ƙashi. Na koyi cewa ba ta jure ƙazamin ruwa, sai mai gudu, sai da inji mai tacewa. Na koyi cewa dodon koɗi ne abincin da ta fi so, ta murƙushe shi da baki kana jin ƙaras. Ranar da na danna bayanta na ji ya yi tauri, na kira abokan ɗakina ɗaya bayan ɗaya su taɓa. Suka ce sanyin Paris ya fara taɓa ni.

Da na samu wuri a fak, wato jami'a, a Lyon, Inna ta kira ƙaninta Kawu Isa daga Maradi ta ce ga ɗansa nan zuwa. Na shiga jirgi da Taswira cikin kwalin takalmi, na lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tawul. Kawu na zaune a unguwar Ville Nouvelle ta Rillieux, a gefen Lyon, can sama a bene, yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Mutum ne da ba ya dariya, ba ya hira, ya dawo aiki ya ci abinci ya sha shayinsa ya kunna labarai. 'Ya'yansa manya sun watse, saura autansu Karim, tsarana, wanda tsakaninsa da ubansa sai gaisuwa, ita ma da faransanci.

Zan faɗi gaskiya game da Tanti Hadiza, matar Kawu, don ba na son ku tsane ta. Ta karɓe ni hannu biyu. Ta ba ni ɗakin babban ɗanta, ta saya mini bargo, ta yi mini dambun zogale a ranar farko don ta ji an ce ina so. Da na buɗe kwalin takalmi ma ba ta yi ihu ba, ta leƙa ne kawai ta tambaye ni ko ana ci. Na ce a'a. Ta ce ko tana maganin wani ciwo. Na ce a'a. Ko tana kama sauro. Na ce ko ɗaya.

"To aikin mi take?"

"Kallo dai, Tanti."

Ta daɗe tana dubana, sannan ta ce in wanke hannu in zo in ci abinci. Yanzu da nake tunawa, a wannan amsar tawa komai ya fara. A gidan da ta tashi, kaza na ƙwai, akuya na nono, kare na gadi. Saurayi mai hankali da ya ratso ƙasa da dabbar da ba ta aikin komai, ko dai ƙarya yake, ko aikin nata ba na faɗa ba ne.

Na haɗa akwariyom ɗina, wato akwatin gilashin ruwanta, a gindin taga, na sa mata kututture na hawa shan ɗumi, na kunna fitilu. In ni kaɗai ne a ɗakin, Taswira za ta hau kututturen ta miƙe wuya, ta baza ƙafafun baya kamar mai gidan haya ya zo karɓar gaisuwa. Amma da Tanti ta turo ƙofa, sai tsulum, ta nutse ta shige ƙarƙashin dutse. Kullum haka. Na yi bayani cewa ɗabi'arsu ce, kowa ya shigo da sauri haka za ta yi. Tanti ta ce to, Allah ya kyauta. Bayan kwanaki sai na lura ta daina shigowa sai da bisimilla da ƙarfi, kuma idonta na kan ruwan, tana jiran ta ga abin da zai faru. Taswira kuwa ba ta taɓa ba ta kunya ba. Tana jin muryar sai ta faɗa.

Sai Kawu ya fara shigowa ɗakina. Da farko tsayawa yake a bakin ƙofa da kofin shayinsa. Daga baya ya jawo kujera. Shi mutum ne da ya iya zama kamar dutse, don haka ba a daɗe ba Taswira ta saba, tana hawa kututture a gabansa ba ko ɗar. Shi ya fara ce mata kififiya, ya ce tun yana yaro a bakin tafkin Madarunfa rabon da ya ji kalmar a bakin wani. Daga nan hira ta ɓalle. Ya ba ni labarin masunta, da yadda ya kusa nutsewa, da bulalar da ya sha a kan haka. Wata rana ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Na ɗaga kai na ga Tanti a koridor riƙe da kwandon wanki, ta tsaya cak, tana kallon bayan mijinta kamar baƙo ne ya shigo mata gida.

Ga kuma maganar ruwa. Duk ƙarshen mako nakan zuƙe wani kaso na ruwan akwariyom in zuba sabo. A dandalinmu an ce tsohon ruwan taki ne mai kyau, asara ce a zubar. Tanti na da tukwanen na'ana'a a balko, 'yar barandar bene, 'yan ƙanana, rawaya, suna fama da ransu. Sai na riƙa juye musu bokitin da safe kafin in wuce fak. Ban gaya wa kowa ba, don so nake ta yi mamaki. Wallahi na'ana'ar nan ta tashi kamar an ja ta da igiya, ganye fatan-fatan, ƙamshi har cikin asansar, injin hawa bene. Kawu ya ƙara yawan shayi. A cikin watan ne kuma ya miƙo mini makullin motarsa ya ce in riƙa zuwa fak da ita ranar da ba ya aiki, motar da Karim ya roƙa har ya gaji bai taɓa riƙe sitiyarinta ba.

Daga nan gidan ya canja. Tanti ta daina bari in shiga kicin, in ina son ruwa ita ke ɗebo mini. In na sayo burodi, sai in gan shi a gefe ba wanda ya gutsura. Waya ta yawaita tsakaninta da Maradi, kuma ina fitowa sai murya ta sauka. Ni ma ban zauna haka ba. Wata rana na dawo na tarar da ruwan Taswira ya yi kumfa, injin tacewa ya toshe da wani dakakken ganye, ita kuma ta lafe a lungu idonta a rufe, ta ƙi ko kallon dodon koɗi. Na shinshina ganyen, na san shi, magarya ce, irin wadda ake dakawa a yi tofi a ciki don karya sihiri. Na canja ruwan nan take. Daga ranar na fara maƙala zare a jikin ƙofata in zan fita, in dawo in tarar ya faɗi. Na fara shinshina ruwan kafin in aje jaka. Ƙarshe na yi wa akwariyom murfin waya na ɗana masa kwaɗo. Ku duba fa, kwaɗo, a cikin gidan kawuna. A tebur muna cin abinci kwano ɗaya, ita tana kallon hannuna, ni ina kallon nata.

Ranar wata Lahadi bayan la'asar aka kira ni falo. Kawu na zaune, waya na kan tebur a buɗe, Inna na kan layi daga Maradi. Kusa da wayar ga gidan ashana da na sani sarai, nawa ne, daga cikin akwatina aka ɗauko shi. In kififiya na girma takan yi saɓa, ɓawon bayanta na ɓarewa falle-falle, siriri kamar farce, in ka ɗaga shi a haske kana ganin zanen layukan a jiki. Alama ce ta lafiya, ni kuma don murna nake tarawa. Tanti ta zazzage su a kan tebur ta ce wa Inna ga abin da ake haɗa layun da shi. Ta ce ta gan ni da idonta ina zuba ruwan dabbar a na'ana'a. Ta lissafo dariyar Kawu, da makullin mota, da kwaɗon, da yadda abar ke guduwa in an ambaci sunan Allah. Ba ta ɗaga murya ba ko kaɗan, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Sannan ta juyo gare ni.

"Malam yana rubutu a allo, ya wanke, a ba mutum ya sha. Kai naka rubutun a bayan dabba yake, tana kwana cikin ruwa tana wanke shi, kai kuma ka ɗebo ka shayar da ganyen da mijina ke sha. Gaya mini bambancin."

Na buɗe baki da duk ilimin da na kwaso a siber. Na ce ai ba rubutu ba ne, halitta ce, dukkan danginta haka suke. Na ce abin da ke sa ganyen girma ba wani sirri ba ne, kashinta ne da ke narkewa a ruwan. Ina faɗa na san na ƙara ɓata lamarin.

"Au, har kashinta kake ba shi."

Kawu ya ɗauki ɓawo ɗaya, ya sa tabarau, ya ɗaga shi saitin taga ya juya shi sama da ƙasa. Ya ce shi dai ya yi karatun allo har ya sauke, kuma bai ga ko alif a nan ba. Na ji numfashina ya dawo. Tanti ko kallon ɓawon ba ta yi ba.

"Ai kai ba za ka gani ba, Alhaji. Ka riga ka sha."

Kawu ya aje ɓawon a hankali. Na ga yadda maganar ta ɗaure shi: duk abin da ya faɗa don ya kare ni, shaida ce a kaina. Sai muryar Inna ta fito daga wayar, a gajiye. Ta ce ita ba ta ce na yi ba, ba ta ce ban yi ba. Amma magana ta riga ta zaga dangi, kuma hanyar wanke ni ɗaya ce, mai sauƙi.

"In babu komi a cikinta, Laminu, rabu da ita. Kowa ya ga ka rabu da ita, shi ke nan an rufe bakin mutane. In kuwa ka ƙi, to ni ma sai in fara tambaya."

Kun ga inda aka tsayar da ni. In na ba da ita, sunana ya wanku, ɗakina na nan, motar na nan. In na riƙe ta, na sa hannu a kan duk abin da aka ce.

Na yi niyyar bin maganar Inna, Allah shaida ne. A babban lambun Lyon akwai wani tafki da ake karɓar kunkurayen da masu su suka gaji da su, don an hana sakin su a kogi. Na mai da Taswira cikin kwalin takalmi na tafi. Na tsaya a bakin shingen ina kallo. Manyan kunkuraye ne masu jan kunne, jibga-jibga, sun hau kan juna hawa-hawa a kan kowane itace, wani ya taka kan wani ya ture shi ruwa. Yara na ihu suna jefa burodi. Na ɗaga murfin kwalin, Taswira ta shige cikin ɓawonta har ba a ganin hanci. Na san ta. Wadda inuwar hannu ke kora, a ina za ta samu wurin shan rana a nan? Za ta zauna a ƙasan ruwa ne, bayanta ya sake yin laushi kamar ranar da na tsince ta, kuma ba wanda zai danna ya ji. Wani ma'aikaci ya matso ya ce ko na kawo ajiya ne. Na ce a'a, kallo na zo. Na rufe kwalin.

Na koma gida da ita, ban gaya wa kowa shirina ba sai da na samu wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin rufin wani tsohon bene, inda in ka miƙe tsaye sosai sai ka gwara kai. Ranar da na kwashe kayana, na aje makullin mota a kan tebur. Tanti ta ce Allah ya kiyaye hanya, kuma ina fita na ji tana jan tukwanen na'ana'a zuwa shara. Kawu bai fito daga ɗakinsa ba.

Ba zan ɓoye muku abin da ya biyo baya ba. Inna ta daina ɗaukar wayata har sallah ta zo ta wuce. Akwai wata yarinya a Maradi da aka fara magana a kanta, labari ya riga ni isa gidansu, maganar ta mutu ba tare da an ce mini ta mutu ba. In na je taron 'yan Nijar a Lyon, ana amsa gaisuwata da kyau, amma ba a taɓa sa ni rabon shayi. Akwai ranakun da nakan zauna gaban akwariyom in ce mata, ke, kin san abin da kika ja mini kuwa? Ita kuwa ta miƙe ƙafa tana shan fitila. Ban ce na yi daidai ba. Na dai san da na bar ta a tafkin nan, da na wanke sunana da ƙaryar cewa akwai abin da ya kamata a rabu da shi.

Shekaru suka wuce, na gama karatu, na samu aiki, na koma gida mai ɗan faɗi. Taswira ta girma ta kai faranti, don matan irinsu sun ninka mazan girma. Kuma ga abin da ba wanda ya gaya wa Tanti: in suna tsufa layukan bayansu dushewa suke. Rubutun da aka kore ni a kansa, yau sai ka jiƙa bayan ka ƙura ido kafin ka gan shi.

Wata Asabar da hantsi aka buga mini ƙofa. Kawu ne, ya yi ritaya, gemu ya yi fari, yana riƙe da jakar cefane. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi aiki, na tambayi Tanti da Karim. Bai ambaci abin da ya wuce ba. Ya jawo kujera gaban akwariyom ya zauna irin zaman nan nasa. Taswira ta faɗa ruwa da shigowarsa, ta daɗe a ƙasa, ta leƙo da hanci, ta koma, ta sake leƙowa. Can ta kama kututture ta hau, ta miƙe wuya a gabansa. Kawu ya gyaɗa kai kamar an amsa masa sallama. Sai ya buɗe jakar cefanen ya fito da galan babu komai a ciki. Ya ce Tanti ta sake dasa na'ana'a ya fi a ƙirga, ba ta taɓa yin ko rabin waccan ba, kuma tun da na bar gidan shayi bai yi masa daɗi ba.

Na karɓi galan ɗin. Na ce a gindi ake zubawa, ba a kan ganye ba, kuma a wanke ganyen sosai, a tafasa. Ya ce ya ji. Na zura tiyo cikin ruwa, amma wani abu ya tsaya mini a rai, don yadda yake kallon bayan Taswira bai yi kama da kallon mai neman taki ba, ya fi kama da na mai karanta allo.

"Kawu, na na'ana'a ne dai, ko?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Cika dai, Laminu."

Na cika. Tun daga ranar yakan zo lokaci-lokaci da jakar cefanensa, Tanti na zaton kasuwa ya tafi, ni kuma ban sake tambaya ba, don ban tabbata ina son jin amsar ba. Wannan shafin kada ya kai Rillieux, na roƙe ku.

Ruwan da na miƙo miki ranar suna, Nana, daga kwalbar da mamanki ta sayo na tsiyaya shi. Shayin kuwa, mai na'ana'ar da Tanti ke ta alfahari da ita, na ga kin shanye naki har kin miƙa kofi an ƙara miki. Ita ma Tantin ta sha.